Mai Ƙera Jita: Inganci Ko Ƙyale-ƙyale?



Kamar yadda kuka ji daga bakin Sakatare, wani ƙanenmu da ya gama wannan makaranta, ya kuma kama sana'ar ƙera jita da hannu, ya nemi rance daga asusun ƙungiya. A takardarsa ya ce zai sayo ƙananan fitilu masu walƙiya da wasu na'urori ya riƙa liƙa wa kayansa domin jawo hankalin samari. Kwamiti ya rabu biyu, shi ne aka ce in faɗi ra'ayina, tun da ni ne mai kaɗa jita a ƙungiyar wasan kwaikwayo lokacin muna aji huɗu. Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, ba kafinta ba, saboda haka in na yi tuntuɓe a gafarce ni.

Bari in fara da kaina. Da albashina na farko na sayi wata jita mai sheƙi, ga zane ko'ina, ga wurin sa batir. Hunturu na kamawa fuskarta ta tsage, ɗan katakon nan da ke riƙe da tsirkiya, wanda makaɗan garaya ke kira jaki, ya ɓalle. Da na kai wa kafinta sai ya nuna mini cewa ɗanyen katako ne aka lulluɓe da fenti. Tsirkiyoyi shida na jita suna jan fuskarta da nauyin kusan kilo 40 dare da rana, ga shi kuma iskar hunturu tana tsotse danshin katako har ya tsuke. Abin da ba a busar da shi sosai ba, ba zai jure wannan ba.

Wannan asara ce ta sa na bi tarihin sana'ar. Jitar gargajiya da ake kaɗawa yau ta samo siffarta ne daga wani mutumin ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda aka haifa a 1817 ya rasu a 1892. Shi ya faɗaɗa cikinta, ya sa fuskarta ta zama siririya, ya tokare ta daga ciki da 'yan sanduna bakwai jere kamar mafici. A 1862 ya ƙera wata jita da bayanta da gefunanta na kwali, fuskar kaɗai ya yi da katako mai kyau, domin ya nuna cewa daga fuskar amo yake fitowa. Tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barselona. Ku lura, jama'a, duk aikin da ya ɗaukaka sunansa yana ɓoye ne a ciki, inda mai saye ba ya gani.

Wani Bajamushe, Hermann Hauser, ya bi tsarin Torres, ya ƙera wa shahararren makaɗi Andrés Segovia jita a 1937. Segovia ya yi kimanin shekara 25 yana yawon duniya da ita. Hauser bai ƙara mata wani abin mamaki ba, kyautata aiki kawai ya yi.

To, kada wani ya ɗauka ina ƙin sabon abu ne. Da can da hanjin tumaki ake yin tsirkiya, tana saurin tsinkewa, ta kuma yi wuyar samu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai Albert Augustine a Amurka, tare da Segovia, suka fito da tsirkiyar nailan, kowa kuwa ya karɓa, domin ta share wa makaɗa hawaye. Shi kansa Torres ai sabon abu ya kawo a zamaninsa.

Amma ga wani misali daban. A 2007 kamfanin Gibson na Amurka ya fito da jita mai ɗaure tsirkiyarta da kanta ta hanyar ɗan inji. A 2015 ya sa irin wannan na'ura a yawancin kayansa, makaɗa da yawa suka yi ƙorafi, dole ya sassauta a shekarar da ta biyo. A watan Mayu na 2018 kamfanin ya je kotu neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu. Gaskiya ne babban dalilin bashin shi ne sayen kamfanonin kayan lantarki da ya yi, amma sababbin shugabannin da suka karɓe shi sun koma ne ga irin jitar da aka san shi da ita tun asali. Idan kamfani mai shekara fiye da ɗari ya ji jiki, ina ga ƙanenmu mai rumfa ɗaya?

Saboda haka ma'aunina guda ne. Duk sabon abin da za a ƙara, a tambaya: wace matsalar makaɗi ya warware? Shin ya gyara amo, ko ya sauƙaƙa wa yatsu, ko ya ƙara wa jitar kwana? In babu ko ɗaya, ƙyale-ƙyale ne, kuma Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shawarata ga kwamiti ita ce a ba shi rancen, kada a karya masa gwiwa, amma bisa sharaɗi. Ya sayi busasshen katako ya ajiye, ya sayi gam mai kyau da kayan awo, ya riƙa haɗa fuskar jita a lokacin rani domin ta saba da bushewar ƙasarmu. Jita uku na farko a bar su su ga hunturu da damina kafin a kai kasuwa. In yana son ya gwada basirarsa, ga babban fage nan: ya nemo jitar da hunturu ba zai tsaga ba.

Malaminmu na aikin katako yana zaune a nan. Baba, ba mu manta ba yadda kake juya kujerar da muka haɗa ka duba ƙarƙashinta kafin ka ba da maki. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya.