Gansakuka a Tafkin Kifi: Jawabi ga Magidantan Makera



Sanin kowa ne a dā saƙa ce ta riƙe wannan gefe na Kogin Kaduna. Masaƙar Kaduna ta soma aiki a Kakuri cikin 1957, aka rufe ta cikin 2002. Da saƙa ta ja baya, sai waɗansu magidanta suka gina tafkin siminti a bayan gida, suna kiwon tarwaɗa ko karfasa. Sana'a ce mai albarka, amma tana da wata abokiyar gaba wadda akan raina, watau gansakuka.

Gansakuka tsiro ce, ko da shi ke ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Abu biyu ke rayad da ita, hasken rana da taki. Takinta kuwa shi ne ragowar abincin da kifi bai cinye ba, da kashin kifin kansa. Ruwa ba ya tsami banza. In tafki ya yi kore shar, lalle mai shi ne ya ciyad da ita bai sani ba.

Ga yadda ta ke ɓarna. Da rana takan zuba wa ruwa iskar da kifi ke numfashi da ita. Da dare sai ta daina, ta koma tana shaƙar iskan nan tare da kifin. Saboda haka goshin asuba ne lokacin hatsari. Haka kuma cikin watan Agusta, in hadari ya rufe rana kwana biyu ko uku, takan mutu gaba ɗaya ta ruɓe, ruɓar kuwa ta cinye sauran iskar da ta rage. Tarwaɗa takan taso ta shaƙi ta sama ta tsira, amma sai ta rage ci, girmanta ya tsaya. Karfasa kuwa sai a wayi gari a tarad da ita birkice, jarin wata huɗu ya tafi cikin dare ɗaya.

Gwajin ba shi da wuya. Mai tafki ya tsoma hannunsa har gwiwar hannu. In yana hangen tafinsa dishi-dishi, ruwa ya yi daidai, gama kore kaɗan abinci ne ga karfasa. In tafin ya ɓace tun ruwa bai kai gwiwar hannu ba, to, gansakuka ta yi yawa.

Maganinta yunwa. Na farko, ya riƙa zuba abin da kifi zai cinye nan take, ya kwashe saura. Na biyu, ya yi wa rabin tafkin rumfa da zana, musamman cikin zafin Maris da Afrilu. Na uku, ya zubad da kashi ɗaya cikin uku na ruwan daga ƙasa, inda dauɗa ke kwanciya, ya cika da sabo. In ruwan famfo ne, ya bar shi ya kwana a buɗe tukuna, domin maganin da a ke sa masa yana cutar kifi. Na huɗu, wadda ta yi zare-zare a jikin bango ya naɗe ta da sanda ya fitar.

Akwai gargaɗi biyu. Kada ya sayi magani a kasuwa ya antaya a tafki, don abin da ke kashe gansakuka yana iya kashe kifi. Kada kuma ya saki tsohon ruwa cikin lambatu ya gangara kogi. Gara ya ba alayyafo da yakuwa, gama taki ne.

Wanda ya saba leƙa tafkinsa kowace safiya bayan sallar asuba, da wuya gansakuka ta shammace shi. Allah ya sa albarka a sana'a, amin.