Abin da Majiyyaci Zai Tarar a Ɗakin Likitan Haƙori

Jawabi ga jama'ar birnin Bauchi da kewaye



Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, kuma a sha'anin ciwon haƙori wannan magana ta tabbata. Sau da yawa mutum yakan kwana uku bai runtsa ba, kunci a kumbure, ya cusa kanumfari a kogon haƙori, ya ɗiga turare, wani ma har ruwan batir, amma da an ambaci asibiti sai ya ce a dakata tukuna. Abin da ke hana shi zuwa bai wuce tsoro ba: tsoron allura, da tsoron zafi, da jita-jitar wai duk wanda ya shiga wurin likitan haƙori da giɓi zai fito. Saboda haka ba ya zuwa sai haƙori ya ruɓe ya wuce gyara, sa'ad da cirewa ce kaɗai ta rage. Shi kuma ya koma unguwa ya ba da labarin an cire masa haƙori, tsoro ya ƙara shiga zukatan maƙwabta.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekara ta 2022, an ƙiyasta cewa mutum wajen biliyan 3.5, watau kusan rabin jama'ar duniya, suna fama da cututtukan baki da haƙori, alhali kuwa mafi yawansu ana iya kauce musu ko a warkar da su tun suna ƙanana. Makasudin wannan jawabi shi ne a bayyana dalla-dalla abin da ake yi wa majiyyaci a ɗakin likitan haƙori, domin wanda ya san abin da ke gabansa ya fi saurin zuwa da wuri, kuma wanda ya je da wuri yawanci yakan koma gida da haƙorinsa.

Inda ya kamata a je

A birnin Bauchi akwai sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka kafa a 2010 bayan Gwamnatin Tarayya ta karɓi tsohon asibitin ƙwararru na jiha. Wanda ya fara zuwa ƙaramin asibitin unguwarsu, ma'aikatan wurin za su iya rubuta masa takarda zuwa babban asibiti. Akwai kuma asibitoci masu zaman kansu, amma wajibi ne a tabbata likitan yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Masu cire haƙori a kasuwa ko a tasha ba su dafa kayan aikinsu, kuma ƙarfen da ya fito daga bakin wani ya shiga bakin wani yana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau.

Zuwan farko

Bayan an yanki kati, likita zai fara da tambayoyi: yaushe ciwon ya soma, ruwan sanyi ne ke tayar da shi ko abu mai zafi, yana hana barci ko a'a. Zai kuma tambayi lafiyar jiki gaba ɗaya. A nan lalle ne majiyyaci ya faɗi gaskiya idan yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko yana shan maganin tsinka jini, ko kuwa wani magani ya taɓa yi masa illa. Mace mai ciki ita ma ta faɗa. Ciki ba ya hana a yi mata aiki, sai dai likitoci sun fi son yin aikin da ba na gaggawa ba tsakanin wata na 4 da na 6.

Daga nan majiyyaci zai kishingiɗa a kujera, a haska masa fitila, likita ya duba haƙora da dasashi da harshe da ɗan ƙaramin madubi da wani siririn ƙarfe. Wani lokaci akan ɗauki hoton haƙori domin a ga saiwa da ƙashin da ido ba ya gani. Duk wannan babu zafi a cikinsa. Sa'an nan likita zai faɗi abin da ya gani da aikin da ya dace. Majiyyaci yana da ikon ya tambayi kuɗin aikin, da yawan zuwan da zai yi, da ko akwai wata hanya dabam. Ba a taɓa haƙorin mutum sai da yardarsa.

Wankin haƙori

Kowace rana wani farin datti mai danƙo, cike da ƙwayoyin cuta, yakan taru a gindin haƙora. Idan ba a goge shi ba yakan daskare ya yi tauri kamar dutse, yadda aswaki ko buroshi ba su iya fitar da shi. Shi ne ke sa dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, baki ya yi wari, daga bisani ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye. Ana kankare shi da wata na'ura mai ƙara tana fesa ruwa, kuma aikin yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya. Bayan an gama, haƙora sukan yi tsami idan an sha ruwan sanyi har na 'yan kwanaki, sa'an nan su daina.

Wasu na cewa wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗi ko ya buɗe tsakaninsu. Gaskiyar ita ce dattin ne ya riga ya cinye dasashi da ƙashi, shi ne kuma ya toshe wurin, da aka kawar da shi sai ɓarnar ta fito fili. Barin dattin kuwa ci gaba da ɓarnar ne.

Cikon haƙori

Haƙori hawa uku ne: farin ɓawo na waje, wanda ya fi kowane abu tauri a jikin ɗan Adam, sai na tsakiya mai ɗan taushi, sai can ciki inda jijiya da hanyoyin jini suke. Babu tsutsa a cikin haƙori, duk da abin da masu magani ke nunawa a cikin kwano. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon a hankali har rami ya samu.

Muddin ramin bai kai jijiya ba, ciko ya isa. Likita zai yi allura a dasashi domin wurin ya mutu, zafinta bai fi na tsinin ƙaya ba, kuma cikin minti kaɗan leɓe zai yi nauyi. Sai ya share ruɓaɓɓen wurin da injin, ya cike ramin. Akwai ciko mai launin azurfa, akwai kuma fari mai kama da haƙori. Na azurfa yana ɗauke da sinadarin makuri, don haka tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, ƙasashe suna rage amfani da shi, musamman ga yara da mata masu ciki ko shayarwa. Amma wanda yake da tsohon ciko lafiyayye ba ya bukatar a tone shi. Mutuwar leɓe takan ɗauki awa 2 zuwa 3, kuma kada a ci abinci kafin ta sake, don kada a ciji harshe ko kunci ba a sani ba.

Kashe jijiya

Idan ruɓa ta kai jijiya, ciwo yakan yi ta bugawa, ya tsananta da dare. Ko a nan ma haƙori bai zama na zubarwa ba. Bayan allura, likita zai huda haƙorin, ya zare ruɓaɓɓiyar jijiyar, ya wanke ramin saiwa da magani, ya toshe shi. Akan yi wannan a zuwa 1 zuwa 3, sau da yawa kuma a ɗora wa haƙorin hula don kada ya fashe. Kuɗinsa ya fi na cirewa, amma haƙorin zai ci gaba da tauna shekaru masu yawa. Wanda ya daina zuwa don ciwo ya lafa bayan zuwan farko, ya bar aiki a rabi, kuma ciwon zai dawo da ƙari. Haka nan, shan kafso ba ya warkar da ramin haƙori, iyakarsa ya danne kumburi na ɗan lokaci.

Cire haƙori

Akan cire haƙori idan ya farfashe har saiwa, ko ya yi girgiɗi ƙwarai, ko kuwa matauni na can ƙurya, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 da 25, ya fito a karkace. Bayan allura majiyyaci zai ji ana dannawa ana jijjigawa, amma bai kamata ya ji zafi ba. In ya ji, ya ɗaga hannu a ƙara masa allura. Cire haƙorin sama ba ya makantar da ido ko ya rage gani. Bayan an cire, a kiyaye waɗannan:

1. A ciji audugar da aka sa har minti 30, domin jini ya daskare a ramin. Wannan gudan jinin shi ne murfin da ke warkar da wurin.

2. Kada a kuskure baki ko a yi ta tofar da yawu a ranar. Kada a sa harshe ko yatsa ko tsinke a ramin.

3. A ci abinci mai laushi wanda ya huce, kamar kunu ko koko ko fate, a tauna ta ɗaya gefen. A bar taba da goro har kwana 3.

4. Bayan awa 24, a riƙa kuskure baki a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau da yawa a yini har mako guda.

5. A koma asibiti nan da nan idan jini ya ƙi tsayawa, ko ciwo ya ƙaru a rana ta 3 tare da wari, ko zazzaɓi ya taso. Kumburin da ya sauko wuya ya hana haɗiya ko numfashi yana iya kisa, ba a kwana da shi a gida.

Giɓin da aka bari yakan sa haƙoran gefe su karkato. Ana iya cike shi da haƙoran roba da ake cirewa da dare a wanke, ko gada da ake maƙalawa a haƙoran gefe, ko dashen ƙarfe a cikin ƙashi. Alhazai masu haƙorin Makka su ma su kai a duba shi lokaci-lokaci, domin idan bai zauna daidai ba abinci yana shiga ƙarƙashinsa, haƙori ya ruɓe a ɓoye.

Haƙoran yara

Haƙoran nono guda 20 ne, suna fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3. Na dindindin kuwa 32 ne, kuma matauni na farko yakan fito a shekara 6 a bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa sukan ɗauka na nono ne su ƙyale shi ya ruɓe, alhali ba shi da mamayi. Fitar haƙori ba ta kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi, yaron da ke da su asibiti za a kai shi. Idan haƙorin dindindin ya fita gaba ɗaya a faɗuwa ko hatsarin babur, a riƙe shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, a jefa shi cikin madara, a kai asibiti cikin awa ɗaya, domin ana iya mayar da shi ya kama.

Abin da ya fi haɗari shi ne cutar noma, watau zaizayar baki, wadda ke kama yara masu shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Takan fara da ɗan gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. A matakin farko magani da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, amma idan aka yi jinkiri tana kashe yawancin yaran da ta kama. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, inda ake yi wa waɗanda suka tsira tiyatar gyaran fuska, kuma a watan Disamba na 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Uwar da ta ga dasashin ɗanta yana jini yana wari, ta kai shi asibiti a ranar.

Kulawa ta yau da kullum

A goge baki sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci, minti 2 kowane karo, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. A tofar da kumfar, kada a bi ta da ruwa. A sauya buroshi bayan wata 3. Aswaki al'ada ce mai kyau kuma yana fitar da datti, in dai an tauna bakinsa ya yi laushi, an kuma bi ciki da waje har haƙoran ƙurya. Gawayi da toka da yashi kuwa kankare ɓawon haƙori suke yi, kuma ɓawon da ya tafi ba ya tsirowa. A rage alewa da biskit da lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa, domin yawan lasar zaƙi a tsakanin abinci ya fi ɓarna. Taba, ta hayaƙi ko ta gari, tana lalata dasashi tana kuma kawo ciwon daji na baki. Duk gyambon bakin da ya wuce mako 2 bai warke ba, a nuna wa likita.

A ƙarshe, ya kamata kowane magidanci ya kai kansa da iyalinsa a duba musu baki aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da babu mai jin ciwo. Ramin da aka gano yana ƙarami zuwa ɗaya ne da ɗan kuɗi kaɗan. Wanda aka bari kuwa shi ne ke jawo rashin barci da kumburi da asarar haƙori. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba jama'a lafiya, amin.