Masu Aikin Sa Kai da Suka Raya Hanyar Ruwan Kennet da Avon



A yammacin garin Devizes da ke kudancin Ingila akwai wani tudu mai suna Caen Hill, inda jiragen ruwa ke hawa tamkar mutum a kan matakala. Jirgi zai shiga wani ɗaki na bulo mai ƙofa gaba da baya, a rufe ta baya, a saki ruwa daga sama har jirgin ya taso, sannan a tura ƙofar gaba da ƙarfin ƙirji ya wuce zuwa ɗaki na gaba. Irin waɗannan ɗakuna 29 ne a wajen, 16 daga ciki a jere reras, kuma hawansu kan ci wa matuƙi awa biyar ko shida. A shekarun 1960 babu abin da ke wajen sai ruɓaɓɓun katakai, da ciyawa, da laka.

Hanyar ruwan Kennet da Avon mai tsawon mil 87 ta haɗa Reading da Bristol. Injiniya John Rennie ne ya tsara tsakiyarta, aka kammala a 1810, ta yi ta jigilar kwal da dutse da hatsi. Da jirgin ƙasa ya zo, kamfanin Great Western Railway ya saye ta a 1852, ya bar ta tana lalacewa a hankali, domin kishiya ce a gare shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukuma ta nemi rufe ta baki ɗaya.

Mutanen gari ne suka ƙi. Tun 1946 Robert Aickman da L. T. C. Rolt sun kafa ƙungiyar Inland Waterways Association don kare irin waɗannan hanyoyi, ta zama uwa ga ƙananan ƙungiyoyi a garuruwa. A 1962 aka kafa Kennet and Avon Canal Trust, ta malaman makaranta, da 'yan fansho, da makanikai, da ɗalibai. Asabar da Lahadi sukan fito da shebur da baro, su sare bishiyoyin da suka tsiro a tsakiyar hanyar, su kwashe taɓo, su sake jera bulo ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙasa ke tsotse ruwa sai a shimfiɗa yumɓu a dandaƙe shi. Masu rauni kuma su zauna a rumfa suna sayar da shayi da tsofaffin littattafai don tara kuɗin katakon ƙofa.

Ba su kaɗai ba ne. A 1968 mutum kusan 600 suka taru a hanyar ruwan Ashton kusa da Manchester, cikin kwana biyu suka kwashe shara tan 2,000. Manoman yankin Haɗejiya da Nguru, waɗanda kan shiga ruwa da lauje su sare kachalla don ruwa ya isa gonakinsu, sun san nauyin irin wannan gayya, sun kuma san cewa ciyawar na dawowa.

Aikin Kennet da Avon ya ci shekara 28. Hukumar hanyoyin ruwa da ƙananan hukumomi sun shigo da kuɗi da ma'aikata, amma da 'yan sa kan nan ba su nace ba, da babu wanda zai sa sisi. A watan Agusta 1990 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta sake buɗe hanyar.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne abin da ya biyo bayan bikin. An buɗe hanya, sai ga ƙarancin ruwa, domin duk jirgin da ya sauka tudun Caen Hill yakan tafi da ruwa mai yawa ƙasa. Dole aka girka famfo a 1996 mai mayar da shi sama, kuma a shekarar ce asusun caca na ƙasa ya ba da fam miliyan 25 don toshe yoyo da gyaran gaɓa. Labaran da rassan Kennet and Avon Canal Trust ke fitarwa yanzu ba na tuta da ganga ba ne. Za a ji an shafe ƙofa da fenti, an yanke reshen da ya tare hanya, ana neman wanda zai tuƙa jirgin yawon buɗe ido, ko wanda ya iya lissafin kuɗi. Wannan aiki maras armashi shi ke riƙe da hanyar, kuma masu yinsa sun cancanci a ambace su da girmamawa.

A duba Crofton, wani wuri a kan wannan hanyar. Akwai injin tururi a can na kamfanin Boulton da Watt, ƙirar 1812, mai ɗaga ruwa zuwa ƙololuwar hanyar. Ƙungiyar ta karɓi wajen a 1968, 'yan sa kai suka tayar da shi. A ranakun da aka ware sukan zuba kwal da shebur, su zaga da gwangwanin mai suna ɗiga wa ƙarafa, har ƙaton sandan ƙarfen ya fara sunkuyawa yana ɗagowa, kowane bugu da ruwa kimanin tan ɗaya. Babu makarantar da ke koyar da wannan. Dattijo ne ke tsayawa kusa da matashi yana nuna masa.

Tun 2012 gidauniyar Canal and River Trust ce ke kula da hanyoyin ruwa mil 2,000 a Ingila da Wales, ciki har da wannan. A watan Yuli 2023 gwamnati ta sanar cewa tallafin da take ba ta zai ragu daga 2027. Ƙofar katako kuwa shekara 25 take yi a canza ta, kuma ɗakunan hawa da sauka a wannan hanya kaɗai sun haura 100, yayin da da yawa daga masu aikin sa kan sun manyanta. Shi ya sa jawo matasa ke da muhimmanci.