Ladabin Harshe a Gidan Makoki

A Ƙofar Sauri kamar ko'ina cikin Katsina, ba ka jin dattijo ya ce maƙwabcinsa ya mutu. Sai dai ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. A zaman makoki ma, gaisuwar ita ce "ya haƙuri?"

Japanawa ma haka suke. Suna kauce wa "shinu" (mutu), su ce "nakunaru" (rasu). Har lamba 4 suke gudu, don lafazinta ya yi kama da kalmar mutuwa.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu a Facebook, suna sa hoton gawa tun iyalan mamacin ba su ji ba. Don Allah, matasa, ku bari dangi su fara sanarwa.