Yaron da Ya Iya Hadda Amma Ya Kasa Karatu

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam, masu cin albarkar ruwan Tiga rani da damina. Mai ban-ruwa a bakin kanal, da uwargida mai turara shinkafa da rediyo a gefenta, sannunku da aiki.

Yau maganarmu a kan wani yaro ce da kusan kowace unguwa tana da irinsa. Shekararsa 9, yana aji uku. Aike shi kasuwar Kura, zai dawo da canjinka cif. Ya san yadda ake tayar da injin ban-ruwa, da yamma kuma ya kawo hadda a Islamiyya babu gargada. Amma buɗe masa littafin Hausa ka ɗora yatsa a kan "ɗaki", sai ya ƙura wa kalmar ido, ya ce "baki", ya dubi fuskarka, ya ce "doki", har gumi ya karyo masa. Malam ya ce daƙiƙi ne. Uba ya ce wasa ya yi masa yawa. Kaka ta ce a bincika, ko hannu aka sa masa. Daga nan sai bulala, in bulala ta gaji kuma sai a ce ya bi yayyensa gona.

Likitoci suna kiran wannan lalura disleksiya, kuma sun daɗe da saninta. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda malaminsa ya shaida cewa da a baki kawai ake karatu da babu wanda zai kamo shi, amma haruffa sun gagare shi. Matsalar ba a hankalin yaron take ba. Ƙwaƙwalwarsa ce take shan wahala wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma, sannan ta haɗa kowane sauti da harafinsa. Ni da kai muna jin "tumatir" mu tsinka shi tu, ma, tir ba tare da tunani ba. Shi kuwa a dunƙule yake jin ta. Abin yakan bi jini, shi ya sa sau da yawa in an tona za a samu uba ko kawu ya sha irin wannan fama. Masu bincike suna ƙiyasta yara 5 zuwa 10 cikin kowane 100, ke nan ajin da ke da yara 80 ba zai rasa huɗu ba.

Sai dai a nan zan ja hankalinku, iyaye. Ba duk yaron da ya kasa karatu ne yake da wannan lalura ba, musamman a yankinmu da noma ba ya hutu. Yaron da aka tsayar korar tsuntsu a gonar shinkafa makonni, aka kuma tsayar da shi tsinkar tumatirin da za a kai kasuwar Kwanar Gafan, ranar da aka koyar da harafin ba ya ajin. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da shi. Ga tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a kanal, tana sa fitsarin jini, tana rage musu jini da kuzari. Ga kunnen da ke zubar da mugunya an bar shi, yaro yana jin rabin maganar malam. Don haka kafin komai a kai shi asibiti a duba ido da kunne da fitsari. Tsargiya tana da magani. Haka kuma yaro ɗan shekara shida da ke juya b ta koma d, kada hankali ya tashi, yawancinsu suna bari da kansu. Wanda muke magana a kansa shi ne mai lafiya, mai zuwa kullum, an koya an sake koyawa, amma har ya haura bakwai yana nan inda yake.

Malamai, yanzu gare ku, kuma na san nauyin da ke kanku ba ƙarami ba ne. Karatun "ku faɗa in na faɗa" yana ɓoye waɗannan yara. Ajin duka yana amsawa da murya ɗaya, shi ma yana buɗe baki tare da su, kuma da yake gwanin hadda ne sai a kai aji huɗu ba a gane bai san harafi ba. Gonar da take ƙarshen kanal ai ba ƙasarta ce ta ƙi ba, ruwan ne bai iso ta ba, sai mai gona ya taka ya buɗe mata. Ku riƙa kiran yara ɗaya-ɗaya, ko minti biyu ne, ku ba su kalmar da ba su taɓa haddacewa ba. Ku koyar da sautin harafi, sannan gaɓa: ba, bi, bu, sannan kalma. Hausar boko ta yi mana rangwame, domin yawanci yadda aka rubuta haka ake faɗa. Inda tarkon yake shi ne b da d da ɓ da ɗ. Kada a kawo su rana ɗaya. A ɗauki ɗaya, yaro ya zana shi da yatsa a kan yashi yana furta sautin, ya gina shi da laka, sai ya zauna masa daram kafin a taɓo ɗan'uwansa. Kuma don Allah a daina tsayar da shi gaban aji ya karanta yara na dariya. Wannan kunyar ce take raba su da makaranta.

Ba daga nesa na ɗauko wannan dabara ba. A 2019 an fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, inda aka riƙa kasa yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, ana gina musu karatu da Hausa tun daga tushe. Kowane shugaban makaranta a Ƙarfi ko Barkum zai iya ware rabin awa a yi hakan.

Ke kuma uwa, ko ba ki yi boko ba kina da aikin yi. Kina tsince shinkafa ki tambaye shi, wane sauti ne a farkon "masara"? Kawo min wata kalmar da ta fara da shi. Ku tafa hannu kuna tsinka sunayen 'yan gida gaɓa-gaɓa. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. A kuma lura da 'ya'ya mata, domin su sukan yi shiru a bayan aji, sai a ce ba su da kai a ɗora musu talla.

Babu ƙwaya ko allura da ke warkar da wannan lalura, kada wani ya karɓe muku kuɗi. A yi addu'a, a haɗa da koyarwa cikin haƙuri. Karatunsa zai iya zama a hankali har girmansa, amma zai karanta. In an yi zango biyu ana wannan ƙoƙari babu motsi, shugaban makaranta ya tuntuɓi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ko a nemi shawarar malaman sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da ke Kano.

A nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuriya, ya ba da amfanin gona mai albarka.