Kada Mu Bar Kotu Hannu Rabbana: Yadda Ake Neman Takardun Kamu da na Shari'a

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata a Sabo, Ibadan



Shugabanni sun umarce ni in yi bayani a kan wani abu da yake yawan kawo mutane ofishin ƙungiya, wato yadda mutum zai gano inda aka rubuta kamun ɗan uwansa, da yadda zai nemi takardun shari'arsa daga kotu. Ni dai kun san ba lauya ba ne. Bokon ma sai da na girma na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, da daddare bayan an tashi kasuwa. Abin da zan faɗa muku na tsince shi ne a zirga-zirga tsakanin caji ofis da kotu da gidan yari, da kuma yawan tambayar lauyoyi.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Shekarun baya an kama wani yaronmu mai dako bisa zargin sata. Aka yi ta zuwa kotu wata da watanni, mai ƙara ba ya zuwa. Rannan alƙali ya yi magana da Turanci, wani ɗan sanda ya juyo ya ce wa yaron ya tafi gida. Muka yi ta murna, har sadaka aka yi, amma babu wanda ya yi tunanin karɓar takarda. Bayan shekara ɗaya da wani abu mai ƙarar ya hangi yaron a tasha, ya kira 'yan sanda, aka sake kama shi. Muka je muka ce ai an gama wannan shari'a. Suka ce ina shaida? Ba mu da lambar shari'a, ba mu riƙe ranar ba, alƙalin ma an sauya masa wurin aiki. Sai da yaron ya kwana goma sha ɗaya a tsare kafin aka tono fayil ɗin. Da aka karanta mana, ashe ba a wanke shi ba tun farko, korar ƙarar kawai aka yi saboda rashin zuwan mai ƙara. Laifin nan har da ni a ciki, domin ina kotun ranar.

To, tun daga lokacin na ɗauki darasi, kuma shi nake so mu tafi da shi gida yau: duk maganar da ta shiga hannun hukuma, a nemi takardarta.

Na farko, caji ofis. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 35, ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu, sai dai wannan sharaɗi bai hau kan laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Bugu da ƙari, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun wajabta wa 'yan sanda su rubuta sunan wanda suka kama, da sana'arsa, da adireshinsa, da laifin da ake zarginsa da shi, da ranar kamu, su ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Jihar Oyo ma ta yi tata dokar irin wannan a 2016. Haka kuma duk abin da aka karɓa a jikin mutum, kuɗi ne ko waya ko makullin babur, dole a jera shi a takarda a sa hannu, kuma yana da haƙƙin a ba shi kwafi.

Saboda haka idan kun je caji ofis, kada ku tsaya ga ba da haƙuri kawai. Ku tambayi sunan ɗan sandan da ke binciken maganar, ku tambayi laifin da aka rubuta, ku riƙe rana da lokacin kamu. Ku tambaya ko an shigar da sunansa a babban littafin da ke kan kanta. Idan an ce an wuce da shi wani wuri, misali sashen binciken manyan laifuka na jiha da ke Iyaganku, ku tambayi ranar da aka tura shi. Ku sani 'yan sanda ba za su miƙa muku fayil ɗin bincikensu ba, kuma doka ba ta tilasta musu ba a wannan mataki. Amma idan sun ƙi faɗin inda mutum yake, lauya zai rubuta wa DPO ko Kwamishinan 'Yan Sanda a Eleyele, ya ajiye kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa. Wannan kwafi shi ne zai yi amfani gobe idan magana ta kai gaban alƙali.

A nan ina so in ja hankalinmu a kan wata matsala tamu ta kanmu, wato suna. Yaro ya zo daga gida, kowa na kiransa Ɗan Sakkwato ko Dogo, babu wanda ya san sunan yankansa. A caji ofis kuma mai rubutu ba ya jin Hausa, sai ya rubuta abin da kunnensa ya ji: Muhammadu ya koma Momodu, Usman ya koma wani abu dabam, wani ma a rubuta masa Aboki ko Malam a matsayin sunan uba. Sai ka je nema da sunan da ka sani a ce babu shi, alhali kuwa yana ciki. Don haka ku tambayi wanda aka kama sunan da ya bayar, in da hali ku ga yadda aka rubuta shi harafi da harafi. Masu gida kuma, duk yaron da ya sauka a hannunku ku rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa da garinsu, ku ajiye hoton katinsa na ɗan ƙasa.

Na biyu, kotu. A Arewa mun saba jin ana cewa an kai mutum da FIR. A nan Kudu takardar tuhuma ake amfani da ita, wadda wasu ke kira takardar caji. A samanta akwai lambar shari'a, haruffa da lambobi da shekara. Wannan lamba ita ce makullin komai. Da ita magatakardan kotu zai ciro fayil cikin mintuna kaɗan, in babu ita kuwa sai a yi ta juya ku. Ranar farko da aka gurfanar da mutum, wanda ya raka shi ya rubuta abu huɗu: lambar shari'a, lambar ɗakin kotu, laifin da aka karanta, da ranar da aka ɗage. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya roƙi wani ya rubuta masa, ko ya ɗauki hoton takardar da waya. Kada kunya ta hana ku. Matambayi ba ya ɓata. Kuma wanda ba ya jin Turanci ya faɗa wa alƙali da bakinsa, domin sashe na 36 ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta.

Shi wannan sashe na 36 ya ce dole kotu ta ajiye rubutaccen bayanin duk shari'ar laifi, kuma wanda aka tuhuma, ko wanda ya wakilta, yana da haƙƙin samun kwafin hukunci cikin kwana bakwai da gama shari'a. Ga yadda ake nema. A rubuta wasiƙa da Turanci zuwa ga rajistaran kotun da aka yi shari'ar, ko ta majistare ce kamar waɗanda ke Iyaganku, ko Babbar Kotun Jiha da ke Ring Road. A sa lambar shari'a, da sunan wanda aka tuhuma kamar yadda yake a takardar tuhuma, da abin da ake so: takardar tuhuma, ko umarnin beli, ko bayanin zaman kotu, ko hukunci. Idan ba mai shari'ar ne da kansa zai je ba, ya ba wakilinsa takardar izini. A yi wasiƙar kwafi biyu, a bar ɗaya, a sa su buga hatimi a ɗayar a dawo da ita. Za a lissafa muku kuɗi, yawanci gwargwadon yawan shafuka. Ku biya inda aka tanada, ku karɓi rasit na gwamnati. Kuɗin da aka miƙa wa wani a bayan gini ba ya cikin lissafi.

Abin da za ku nema shi ne kwafin da aka tabbatar, wanda ma'aikatan kotu ke kira CTC. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 104, ta faɗi siffarsa: a ƙasan takardar a rubuta cewa kwafi ne na gaskiya, da kwanan wata, da sunan jami'in da muƙaminsa da sa hannunsa, da hatimi. Ku duba waɗannan kafin ku bar wurin. Hoton takarda da babu su, wata kotun ba za ta karɓe shi a matsayin shaida ba.

Idan takarda ta zo hannu, ku sa wanda ya sani ya karanta muku ƙarshenta. Akwai bambanci babba tsakanin a kori ƙara da a sallami mutum a wanke shi. Wanda aka wanke bayan an saurari shari'a, Tsarin Mulki ya hana a sake tuhumarsa da wannan laifi, sai da umarnin kotun da ke sama. Wanda aka kori ƙararsa kawai, ana iya dawo da ita. Wannan bambanci ne ya ci yaron da na ba ku labari. Ku da kuke tsaya wa mutane beli, ku ma ku riƙe kwafi, domin sai shari'a ta ƙare nauyin yake sauka daga wuyanku. Wanda kuma aka ɗaure yana son ɗaukaka ƙara, kada a yi sanya: daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne, daga kotun majistare kuwa lokacin bai kai haka ba.

Na uku, gidan yari, wanda tun 2019 ake kira gidan gyaran hali. Fiye da rabin mutanen da ke gidajen nan a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Da yawa majistare ne ya ba da umarnin a ajiye su har a sami shawarar ofishin DPP na Ma'aikatar Shari'a, sai fayil ya kwanta, 'yan uwa ba su san inda za su bi ba. To ku sani babu wanda ake karɓa a gidan yari sai da takardar umarnin kotu, kuma a jikinta akwai sunan kotun da lambar shari'a. Idan an rasa bakin zare, a je Agodi ko Abolongo ta garin Oyo ranar ziyara, a nemi ofishin ajiye bayanai ko jami'in jin daɗin fursunoni, a karɓi lambar. Da ita lauya zai bi fayil a Ma'aikatar Shari'a, ko ya nemi beli a Babbar Kotu, ko ya nemi a sa sunan mutum cikin waɗanda Babban Jojin Jiha zai duba idan ya kai ziyara. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa. Dukansu suna da ofis a jihohi, kuma ba sa karɓar kuɗin aiki.

Na huɗu, masu neman aiki ko fita ƙasar waje da ake ce musu su kawo takardar shaidar rashin laifi. Wannan ba a kotu ake samunta ba. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ce ke bayarwa daga rajistar masu laifi ta ƙasa, ana cike buƙata ta intanet a shafinsu na POSSAP, sannan mutum ya je a ɗauki zanen yatsunsa. Ku guji 'yan na-kama da ke cewa za su kawo muku ita har gida ba tare da an ɗauki yatsu ba.

Sai gargaɗi guda biyu. Shari'ar ƙananan yara ba a buɗe ta ga kowa, kada ku yi fushi idan an hana ku. Sannan takardar kotu ba abin tozarta mutum ba ce. Kamu dabam, tuhuma dabam, hukunci dabam. Kada wani ya samo takardar tuhumar ɗan uwansa ya dinga yawo da ita a kasuwa ko a waya don a hana shi aure ko rumfa. Wanda ya yi haka shi ma yana iya tsintar kansa a gaban alƙali.

Daga ƙarshe, mun buɗe littafi a ofishin ƙungiya. Duk wanda aka kama nasa, ya zo a ranar ko washegari a rubuta suna, da caji ofis, da rana, daga baya a ƙara lambar shari'a. Wasiƙar rajistara kuma ni zan rubuta wa duk mai buƙata, ba a biyan ko kwabo. Iyayenmu mata, ku ma ƙofa a buɗe take, ba sai kun jira namiji ya dawo daga tafiya ba. Waɗanda kuma suke da tsohuwar shari'a da aka ce musu ta ƙare amma babu takarda a hannu, ina roƙonsu su tsaya bayan an tashi mu fara da tasu.

Allah ya kare mu daga sharrin ƙarya da ƙazafi, ya sa mu zauna lafiya da masu masaukinmu.