ALEWA DA CAKULAN: INA MASANA'ANTUN NIJERIYA SUKA KWANA?

Jawabi ga manoma da 'yan kasuwa na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar

Maganar yau ta alewa ce. Wani zai ce alewa ai abin yara ce, me ya kawo ta zauren manya? To, a yi haƙuri a saurara. Alewar nan da yaro yake tsotsa, a bayanta akwai gonaki da masana'antu da dubban ma'aikata. A ƙasar Gagarawa kuwa, har maganar gonar gado ta shiga ciki.

Duk wanda ya tsaya gaban mai tireda a kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai ga TomTom da Buttermint da Choco Milo da cingam, da ƙananan ledojin Bournvita da Milo. A gefe kuma ga yarinya da farantin kantu da gullisuwa da alewar madara. Na mai tireda daga kamfani suka fito. Na yarinya daga madafin uwarta suka fito. Amma dukansu ba sa yiwuwa sai da sukari.

Manyan kamfanonin da suke wannan sana'a a Kudu suke. Kamfanin Cadbury an kafa shi a Nijeriya a 1965, masana'antarsa tana Ikeja a Jihar Legas. Shi ne mai Bournvita da TomTom da Buttermint. Kamfanin Nestlé yana da babbar masana'anta a Agbara, Jihar Ogun, shi ne mai Milo da Choco Milo. Uwayen kamfanonin nan biyu a ƙasashen waje suke. A Arewa, Kano ce cibiya. Unguwannin Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun cika da masana'antu a shekarun 1970 da 1980, har da na alewa da biskit. Da yawa daga cikin masana'antun Kano sun rufe daga baya, galibi saboda rashin wutar lantarki da tsadar kayan aiki da shigowar kayan waje masu araha.

Shi cakulan da koko ake yin sa. Ba kokon gero da ake sha da ƙosai ba, suna ne ya zo ɗaya. Wannan kokon itace ne mai son inuwa da ruwan sama mai yawa. Yana yin ƙwallo kamar gwanda, a cikinsa akwai 'ya'ya. Su ake rufewa na 'yan kwanaki su yi tsami, a shanya, a soya, a niƙa. Sai a sami gari da mai. Idan aka haɗa da sukari da madara, ya zama cakulan. Koko ba ya yi a Jigawa. Jihohin Ondo da Kuros Riba da Osun su ne gidansa, Ondo ce kan gaba.

Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da suke noman koko a duniya. Tana samar da wajen tan dubu 300 a shekara. Kodebuwa da Gana ne suka fi kowa, su biyun kaɗai suna noma fiye da rabin kokon duniya. A da, koko shi ne gyaɗar Yarabawa. Yadda dalar gyaɗa ta riƙe Arewa, haka koko ya riƙe Jihar Yamma. Da kuɗinsa gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta fara ilmin firamare kyauta a 1955. Da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Badun da ake kira Cocoa House, wanda aka buɗe a 1965. Da man fetur ya zo, sai aka yi sakaci da koko kamar yadda aka yi da gyaɗa da auduga. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka bar manomi da ɗan kasuwa su sasanta kansu.

Abin mamaki shi ne, ƙasar da take noman koko mai yawa haka ba ta yin cakulan sai kaɗan. Mafi yawan kokon a buhu ake loda shi a jirgin ruwa, ɗanye, zuwa Turai, musamman ƙasar Holan. Akwai masana'antun sarrafa koko a Ile-Oluji da garin Ondo da Legas, amma sun daɗe suna aiki ƙasa da ƙarfinsu. Su ma abin da suke fitarwa, watau gari da mai, galibi waje yake tafiya. Can ake yin cakulan, a naɗe shi a takarda mai ƙyalli, a dawo da shi manyan kantunan Legas da Abuja da Kano da tsadar gaske.

Ba lalaci ne kaɗai ya jawo haka ba. Cakulan ba ya jure zafi. Zafin tafin hannu ma ya isa ya narkar da shi. To ina ga teburin mai tireda a Gumel cikin watan Afrilu? Sai da na'urar sanyaya kaya tun daga masana'anta har mota har kanti, na'ura kuwa sai da wuta. Shi ya sa kamfanonin Nijeriya suka karkata ga garin shayi irin su Bournvita da Milo, da alewa mai tauri wadda rana ba ta yi mata komai. Wannan dabara ce mai kyau, ta dace da ƙasar da aljihun mutanenta.

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa sana'ar tsanani. A watan Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur. A watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dala ɗaya da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a 2024. Kamfanin da yake sayo madarar gari da kayan gyaran inji da dala, ya ji a jikinsa. A shekarar 2024 ɗin kuma koko ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, saboda cuta da rashin kyawun yanayi sun ɓata gonakin Kodebuwa da Gana. Tan ɗaya da aka saba saye wajen dala 2,500 ya wuce dala 10,000, kafin daga baya ya sauko. Manomin Ondo ya yi dariya. Mai masana'anta kuwa sai ya rasa kuɗin sayen kokon da aka noma a bayan gidansa, domin ɗan kasuwa mai fita da shi waje ya fi shi tayi. Mai saye a ƙauye ya ga abin ta wata fuska: kuɗin alewa ya ƙaru, wani lokaci kuma ledar ce ta ƙanƙance.

Mutanen Maigatari sun san wata matsalar. Kwalayen alewa da biskit na Nijeriya suna tsallaka iyaka zuwa ƙasar Damagaram. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. An sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Duk ranar da ƙofa ta rufe, cinikin ɗan tireda da na masana'anta yakan ragu tare.

Yanzu a zo kan sukari, domin nan ne maganar ta iso ƙofar gida. Nijeriya tana shan sukari fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara. Fiye da kashi 90 cikin 100 daga waje ake kawo shi ɗanye, galibi daga ƙasar Barazil. Kamfanonin Dangote da BUA da Golden Sugar su suke tace shi a bakin teku, su zuba a buhu. Watau buhun na gida ne, amma raken manomin wata ƙasa ne. An yi ƙoƙari tun da daɗewa. Masana'antar Bacita ta Jihar Kwara ta fara aiki a shekarun 1960, daga baya ta durƙushe. Ta Savannah da ke Numan a Jihar Adamawa, gwamnati ta sayar wa Dangote a farkon shekarun 2000. A 1993 aka kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta amince da wani babban shiri. Shirin ya ce duk kamfanin da yake son izinin shigo da ɗanyen sukari, dole ya buɗe gonar rake da masana'anta a cikin ƙasa. A ƙarƙashin wannan shiri aka buɗe masana'antar Sunti a Jihar Neja a 2018.

Neman filin rake shi ya kawo maganar Jigawa. Gwamnatin jiha ta ware wa kamfanin Great Northern Agribusiness, reshen rukunin Lee Group, fili mai faɗin hekta dubu 12 don noman rake da yin sukari. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, ke nan ana maganar kusan eka dubu 30. Filin ya shafi ƙananan hukumomin Gagarawa da Sule Tankarkar da Taura da Garki. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, musamman a 2017, maganar ta cika jaridu da gidajen rediyo. Gwamnati ta ce aikin zai kawo ayyukan yi da kuɗin shiga. Manoma da yawa daga ƙauyukan da abin ya shafa suka ce gonakin nan na gado ne, a nan suke samun gero da wake da riɗi, kuma kuɗin diyya ba zai maye gurbin gona ba.

Kowane ɓangare yana da hujja, amma nauyin bai zo ɗaya ba. Kamfani idan aiki bai yi ba, yana da wasu harkokin. Manomin da ya rabu da gonarsa ba shi da wata. Ya kamata a san abin da doka ta ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. Idan aka karɓi fili, diyyar da dokar ta fi magana a kai ita ce ta amfanin da ke kan filin, da itatuwa, da gini, da rijiya, ba ta ita kanta ƙasar ba. Saboda haka gonar da ta ciyar da gida tun kaka da kakanni tana iya tashi a kuɗi kaɗan a kan takarda.

Shi kansa raken yana da halinsa. Yakan yi wata goma zuwa shekara a gona, yana shan ruwa tun daga shuka har kusan sara. Damina a ƙasar Gumel wata uku zuwa huɗu ce, ƙasar kuma jigawa ce mai yashi. Dole sai da ban ruwa. To daga ina ruwan zai fito, kuma me zai sami rijiyoyin ƙauyuka da mashayar dabbobi? Tambaya ce da ta halatta kowane mai unguwa ya yi. Sannan sai an matse wajen tan goma na rake kafin a sami tan ɗaya na sukari. Raken da aka sare kuma ba ya jira, cikin kwana ɗaya zuwa biyu zaƙinsa ya fara raguwa. Shi ya sa masana'anta take zama a tsakiyar gona. Manomin da ya shiga yarjejeniyar noma wa kamfani rake, mai saye ɗaya gare shi. Ba kamar riɗi ba, da za a ajiye a ɗaki sai farashi ya yi kyau. Don haka kafin a dangwala yatsa, a tabbata takarda ta faɗi farashin tan, da wanda zai auna, da wanda zai biya kuɗin mota, da ranar biya. A nemi kwafe a ajiye a gida. Manoman Maƙarfi a Jihar Kaduna suna da wata hanyar, su suke matse rakensu su dafa mazarƙwaila su kai kasuwa da kansu, sai dai su a fadama suke.

Ko ba rake, ƙasar nan ta daɗe tana ciyar da masana'antun alewa na duniya ba tare da an lura ba. Na farko riɗi. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noman riɗi, yankin Gumel da Maigatari kuwa shi ne zuciyar nomansa. Ana kai riɗin Nijeriya Japan da Sin da Turkiyya. A Turkiyya da ƙasashen Larabawa niƙa shi ake yi a haɗa da sukari a yi wani abin zaƙi da ake kira halawa. Daga wannan kalmar Larabci Hausa ta samo kalmar alewa. Alhazai sukan gan shi a kantunan Makka da Madina, wataƙila wani ya saya ya kawo tsaraba, alhali riɗin irin na gonarsa ne.

Na biyu ƙaro, na itacen dakwara. Masu yin alewa mai danƙo da lemon kwalba ba sa rabuwa da shi, domin shi yake riƙe haɗin ya hana sukari daskarewa. Sudan ce ta fi kowa ƙaro, sai Chadi da Nijeriya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa masu saye suna leƙa wasu ƙasashen. Wanda yake da dakwara a iyakar gonarsa, ya yi tunani kafin ya sa mata gatari don itacen girki.

Riɗi da ƙaro duka ɗanye suke fita, kamar kokon Ondo. An kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari don a riƙa sarrafa irin waɗannan kaya kafin a fitar da su, amma har yau yawancin buhunan Kano da Legas suke wucewa. Masu saye a waje kuma ba su da wasa. Riɗin da aka zuba wa yashi ko tsakuwa don ya yi nauyi, ko wanda aka barbaɗa wa maganin ƙwari a rumbu, ko wanda ya yi fumfuna, ana iya mayar da shi daga tashar jirgin ruwa. Asarar takan dawo kan farashin kowa a kaka ta gaba. A shanya a kan tamfol, a sheƙe, a zuba a buhu mai tsabta.

Saura masu kantu. Matar da take soya riɗi ta haɗa da sukari ko mazarƙwaila ta yanka, aikin masana'anta take yi, sai dai ƙarami. Riɗinta na gida ne, ba ta jiran dala, kuma kantu ba ya narkewa a rana. Tsadar sukari ce kaɗai take cin ribarta. Abin da yake hana kantu shiga manyan kantunan Dutse da Kano shi ne rashin leda mai suna, da awo ɗaya, da ranar da aka yi shi, da lambar hukumar NAFDAC. Mace ɗaya ba za ta iya wannan hidima ba. Ƙungiyar mata ashirin da suka yi rajista a ofishin gama-kai na ƙaramar hukuma za su iya sayen sukari buhu guda maimakon gwangwani-gwangwani, su sayi sikeli da ɗan injin liƙe leda, sannan su nemi lambar da sunan ƙungiya.